Takalmin Gwaji na Biyar

Ranar da Kawu ya koma shagonsa bayan sati bakwai yana jinyar ido, yana shiga ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya ɗaga hannun dama sama. Mutanen da suka zo tarbarsa suka ɗauka godiya yake yi wa Allah, har mai shagon gefe ya ce amin da ƙarfi. Ni ina tsaye a bayan ƙofa, inda na saba tsayawa idan mutane sun yi yawa, yatsunsa kawai nake kallo. Ba a buɗe suke ba. Babban yatsa da manuni ne suka haɗu kamar zai kama igiya, suka rufe a kan iska. Ya matsa taku ɗaya ya sake lalubawa. Sau uku ya yi haka, sannan ya sauke hannun ya tura a aljihu.

Babu komai a sama sai farin silin da sababbin fitilu huɗu. Na san abin da yake nema, na kuma san inda abin ya tafi, domin a gabana aka kwashe shi.

Kawu yayan Ummata ne, shekara arba'in da wani abu yana ɗinkin takalmi. Ba na kowa yake ɗinkawa ba. Mutanensa su ne waɗanda kasuwa ba ta da takalminsu: mai ƙafa ɗaya gajera, mai tafin da ya karkace, wanda haɗarin mota ya ci wa diddige, wanda likita ya rage wa yatsu. A layin ana ce masa Ƙafa-Ɗaya alhali ƙafafunsa biyu lafiya lau, saboda duk wanda ya leƙa shagon ba ya ganin takalmi tare da ɗan'uwansa. Komai ɗai-ɗai ne, a yanke, a rataye.

A kan Umma ya fara. Tana da shekara huɗu shan inna ya kama ta, ƙafar hagu ta tsaya a baya, tafin ya juya ciki. Shi kuwa lokacin yana da sha shida, yana zama a rumfar wani tsoho mai gyaran takalma kusa da tasha, aikinsa manna diddige da goge fata. Ya tara guntayen fata ya ɗinka mata takalmi mai kyau, har da ado a baki. Kwana biyu ta sa shi, ƙafar ta fashe a wuri uku. Umma ta ce ya karɓi takalmin ya zagaya bayan gida da wuƙa, don haushi ya farke shi gida biyu zai jefar. Da ya buɗe sai ya ga cikin. Inda ƙashi ya goga ya yi baƙi yana sheƙi, inda ƙafar ba ta taɓa ba yana nan fes kamar ba a taɓa sawa ba. Ya zauna a wurin yana juya shi, har aka kira shi cin abinci bai ji ba. Bai jefar ba. Ya soke shi da igiya ya rataye.

Tun daga ranar bai sake fara wa kowa da takalmi na gaske ba. Zai sa ka taka kwali ya zagaye ƙafar da fensir. Ya sassaƙa ƙafar katako, ya bi ta da guntayen fata da soso yana mannawa duk inda taka ƙafar ta yi tudu. Sannan ya haɗa maka na gwaji, ƙafa ɗaya, da tsohuwar taya da ragowar tamfol da duk abin da hannunsa ya kai, mummuna, zare a waje. Ya shafe cikin da alli. Ka je ka yi sati guda kana yawo da shi, ka dawo ya farke shi a gabanka ya duba inda allin ya goge. Sai ya yi na biyu. Wani a na uku ake dacewa, wani sai an kai na bakwai. Wanda ya gaji ya ce a yi masa na gasken kawai, Kawu yakan nuna masa hanyar kasuwa da bakin basilla, ko kai ba ya ɗagowa.

Duk gwajin mutum ɗaya a igiya ɗaya yake soke su, na farko a sama, na ƙarshe a ƙasa, da kwalin zanen ƙafar a naɗe a ciki, ya rataye a ƙusa jikin katakon rufi. Ba ya rubuta suna. Idan mutum ya dawo bayan shekara biyar, Kawu zai miƙe ya ɗaga hannu ya laluba ya sauko da igiyarsa, ban taɓa ganin ya kamo ta wani ba. Ta Umma ta fi kowace tsawo, tun daga wancan na farko mai ado a baki, ɗan ƙarami kamar tafin hannuna, har zuwa na bara. Ina yarinya nakan kwanta a bencin shagon in yi ta kallonta tana juyawa idan iska ta shigo.

Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya tun kafin ya gama karatun, ya daɗe yana cewa shagon ya koma rumfar mahauta. Ya taɓa kawo wani abokin aikinsa, wani yankakken takalmi ya bugi mutumin a goshi. Kawu ya ce ai laifin tsawo ne. Kowa ya yi dariya ban da Yaya Injiniya.

Wata huɗu kafin aikin idon wani direban bas ya zo. Ƙaton mutum ne mai yawan raha, ciwon suga ya sa an cire masa yatsu biyu a ƙafar dama, wadda yake taka birki da ita. Abin da ya fi tayar wa Kawu hankali shi ne ƙafar ba ta jin komai. Ya tsikare shi da basilla a tafin, Direba yana ba da labarin wani fasinja da ya so shiga da akuya, ko numfashi bai sauya ba. Likita ya riga ya gaya masa idan miki ya sake buɗewa ya ci ciki, daga ƙasan gwiwa za a yanke. 'Ya'yansa shida, bas ɗin kuma ba tasa ba ce.

Lokacin na gama jami'a ina zaman jiran aiki, ni nake riƙe wa Kawu fensir saboda yanar da ta fara rufe masa ido. Da Direba ya fita sai ya kira ni da sunan da ya sa mini ya ce, "Shiru-shiru, kowa idan takalmi ya cije shi zai faɗa. Wannan ba zai faɗa ba. Takalmin ne zai gaya mana."

Bai ba shi sati guda ba kamar kowa, kwana biyu-biyu ya riƙa kiransa. Gwaji na farko ya bar ja a gefen tafin. Na biyu ya gyara gefen ya matse diddige. Na uku ya tayar da bororo, aka tsaya sati uku cur ana jiran ya warke, Kawu ba ya cin abincin kirki. Kowanne ya farke shi ya sa yatsana a ciki ya ce in ji wurin, in zana a kwali. Na biyar ne ya zauna. Kwana goma Direba yana tuƙi da shi, fatar ƙafar ko ja ba ta yi ba. Muninsa kuwa ba a magana, rabinsa baƙar taya, rabinsa koren tamfol, da wani facin soso a gefe kamar kumburi. Direba ya ce yaran tasha sun sa masa suna Kwaɗo. Kawu ya ce ya ci gaba da sa shi har ya dawo daga aikin ido, sannan a farke a yi na gaske. Ya ja masa kunne kada ya cire ya sa wani, ko da na zinariya ne.

Aka yi idon dama, aka yi na hagu, na hagun ya kumbura ya ƙi lafawa. Likita ya hana shi shiga ƙura da warin gam. A gidanmu ya zauna saboda mun fi kusa da asibiti. Makullin shago kuwa ya koma hannun Yaya Injiniya.

Wata Asabar da safe ya kira ni ya ce in zo in nuna masa kayan aikin da ba a taɓawa. Na iske tsani a tsakiyar shago, da ma'aikata biyu, da buhuna a ƙasa. Ɗaya yana sama yana tsinke igiyoyi da wuƙa, ɗaya yana tarewa. Yaya fuskarsa cike da murna. Ya ce so yake idan Baba ya buɗe sababbin idanu ya fara ganin wuri mai tsabta, shekara nawa tsoho yana zaune cikin shara kamar ba shi da 'ya'ya.

Na ce, "Yaya, waɗannan fa aiki ne."

"Haba Farfesa, aikin da aka yanka gida biyu? Duk wanda aka gama ai yana ƙafar mai shi."

Ma'aikatan suka juyo suna kallona, na ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Sau ɗaya na faɗa, shi ma can ƙasa-ƙasa. Shekara huɗu na yi ina cika takardu da bayani a jami'a, amma magana biyu a jere ta gagare ni a gaban mutum uku. Wayata tana cikin jaka, Kawu yana zaune a tsakar gidanmu, kira ɗaya ya isa. Na gaya wa kaina likita ya ce kada a tayar masa da hankali. Har yau idan na tuna yadda wannan uzurin ya zo mini da sauri, sai in ji kamar in mari kaina.

Buhu goma sha ɗaya suka cika. Ƙafafun katakon wani mai sayar da abinci a bakin layi ya kwashe zai hura wuta, har yana godiya. Da suka juya baya na sunkuya na zari takalmi ɗaya daga wata igiya, wanda ya fi kowanne kyan gani, ba yanka ba faci, na tura a jaka. Kafin igiyar Umma ta faɗo mini a rai an riga an ɗaure bakin buhun da take ciki, ban ma san wanne ba ne. Motar shara ta zo da rana.

Sati biyar bayan haka ne Kawu ya tsaya yana laluben iska. Yaya Injiniya ya riƙe masa hannu yana zagayawa da shi, ga tayil, ga fanka, ga akwatin gilashi da aka jera takalma shida gamammu a ciki, ga allo a waje. Kawu ya bi shi har ya gama. Sannan ya tambaya ina igiyoyin suke. Yaya ya ce tarkacen? Ai ya sa an kwashe. Kawu ya tambaya ina aka kai su. Yaya ya ce motar shara, tun wancan watan.

Kawu ya cire baƙin tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ya juya ya yi wa maƙwabta godiya ɗaya bayan ɗaya, da murya a daidai, har suka gane ana sallamarsu ne. Umma, da ta zo da sandarta tana zaune a sabuwar kujera, ita ce ta kasa haƙuri.

"Har da nawa?"

"Goggo, ai tsofaffi ne, ba kya sa su."

"Ba na sa su." Ta buga sandar a tayil. "Kai da aka goya a kan wannan ƙafar. Ka san sau nawa ta fashe kafin ta iya ɗaukar ƙaton kan nan naka? Yanzu da furfurata zan koma taka kwali kamar 'yar shekara huɗu, saboda kai ka ga tayil a ofis."

Yaya ya ce shi dai alheri ya nufa, kuma duk wanda ya wuce yana yabawa. Ya ɗauki makullin motarsa ya fita yana cewa mutum ya yi abin kirki a gidan nan ma laifi ne.

Da shagon ya rage daga ni sai Kawu, na ciro takalmin nan daga jaka na miƙa masa. Har ina ɗan sa ran zai ce na kyauta. Ya juya shi, ya zura yatsu biyu ciki ya shafa daga gaba zuwa baya. Ya ce wannan ba a taɓa sa shi ba, mai shi ya rasu kafin ya zo karɓa. Allin ma yana nan, ya nuna mini farin a yatsunsa. Ya tambaye ni me ya sa shi na zaɓa a cikin duka. Na ce shi ne na ga cikakke.

"Ke ma," ya ce.

Ya ajiye takalmin a gefe. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari wajen azahar Direba ya shigo da sallamarsa mai cika ɗaki, ya ji labarin an dawo. Kawu yana zaune ya ba ƙofa baya, amma tun kafin ya juyo na ga wuyansa ya sandare. Takalmin taya idan ya taka ƙasa faf-faf yake yi. Wannan kuwa ƙiiƙ ya yi a kan tayil.

"Me ke ƙafarka?"

Farin kambas ne sabo, ƙafa biyu, mai kauri. Direba ya ɗaga yana dariya ya ce kyautar Injiniya ce. Sati uku da suka wuce ya biyo ya duba ko an dawo, ya tarar ana fenti. Injiniya ya ga Kwaɗo a ƙafarsa ya ce abin kunya ne mutumin Baba ya riƙa yawo da wannan a titi, mutane su ɗauka iyakar gwanintarsa ke nan. Ya sa shi a mota ya kai shi kanti ya zaɓar masa mai laushi, har da ƙarin lamba ɗaya don kada ya matse. Direba ya ce shi ya ɗauka maganar ɗa maganar uba ce. Kuma wallahi daɗi, kamar katifa.

Kawu ya ce ya zauna ya cire.

Takalmin ya fita. Safar ce ta ƙi. Ta manne a tafin, sai da na kawo ruwan ɗumi aka jiƙa. Warin ya riga ganin isowa. A ƙarƙashin yatsan tsakiya akwai rami, bakinsa fari, cikinsa baƙi. Ƙafar ta yi ta zamewa gaba a cikin takalmin da ya yi mata yawa, duk taka birki sai ta goga a wuri ɗaya, sati uku. Direba ya riƙe ƙafar da hannu biyu yana kallonta kamar ta wani ce aka ajiye masa a cinya. Ya ce matarsa ta yi tafiya wajen haihuwar 'yarsu, ita ce mai duba masa tafin, shi cikinsa ba ya barinsa ya gani. Ya ce wallahi bai ji komai ba. Ya faɗa ya fi sau biyar a hanyar asibiti.

Aka kwantar da shi. Kwana biyu likitoci suna ɗaukar hoto suna shawara ko ƙashin ya kamu, da kuma iya inda ya kamu. Kawu da aka hana shiga ƙura ya kwashe kwana biyun yana zuwa tun safe ya zauna a bencin baranda. A rana ta biyu Yaya Injiniya ya zo da ledar lemo. Ya rame a fuska, wannan kam ba zan hana shi ba. Ya durƙusa ya gaida Kawu ya ce shi bai sani ba, takalmin mai laushi ne, sai da ya tambayi mai kanti ko ya dace da mai suga.

"Ka tambayi mai kanti," in ji Kawu. Sannan ya ce, "Kai idan za ka yi gini, kana zanawa?"

"Ina zanawa, Baba."

"Idan an gama ginin sai ka kira motar shara ta kwashe zanen?"

"Ai wannan daban ne."

"Daban ne. Naka a farar takarda yake, da suna a ƙasa. Nawa yana wari."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ban san abin da ya tura ni ba na ce ai na gaya masa ranar. Ya ɗago ya kalle ni da jajayen idanu ya ce na yi wani gunaguni can cikin maƙogwaro, wa ya ji? In na san abin yana da muhimmanci haka me ya hana ni tsayawa a kan tsanin? Haushinsa nake ji har yanzu, haushin mutumin da bai taɓa zama awa ɗaya a shagon ubansa ya tambayi me wannan yake yi ba, amma ya san kalar fentin da ta dace da shi. Sai dai abin da ya faɗa a kaina gaskiya ne, shi ya sa ya fi ciwo.

An cire yatsa na uku da wani guntun ƙashi a bayansa. Ƙafar ta tsira. Likita ya ce wata biyu ba taka ƙasa, kuma wannan ne karo na ƙarshe da yankan zai iya tsayawa a yatsa. Mai bas ya ba wani direban motar, ya ce idan an warke a zo a gani.

Da aka bar mu muka shiga wurinsa, Kawu bai yi masa faɗa ba, bai kuma ba shi haƙuri ba. Ya tambaye shi inda ya jefar da na gwajin. Direba ya ce bai jefar ba. Ya kasa, abin da ya ɗauke shi sama da wata guda lafiya. Kujerar direba tana zamewa baya, sai ya cusa shi a ƙarƙashi ya tokare ta. In dai sabon direban bai taɓa ba yana nan.

Kawu ya juyo da baƙin tabaransa wajena. Na ɗauki jakata.

Ban taɓa shiga tashar ni kaɗai ba. Maza ne ko'ina, kowa yana kiran gari yana jan hannun riga. Na samu bas ɗin ana lodi, sabon direban yana zaune a kujera yana danna waya. Na yi sallama na ce akwai wani takalmi a ƙarƙashin kujerarsa. Bai ɗago ba ya ce babu komai a nan. Na sake faɗa. Ya ce 'yan mata in tafiya za ki yi ki shiga baya, in ba haka ba ki ba mutane hanya. Waɗanda ke kusa suka fara dariya, kunnuwana suka ɗauki zafin nan da na sani. Na riƙe ƙofar motar da hannu biyu na ce ba za a rufe ta ba sai ya tashi. A wannan karon muryata ta fita, har fasinjojin baya suka leƙo. Wata dattijuwa a ciki ta ce kai tashi mana ka duba, za ka mutu ne? Ya tashi yana tsaki.

Yana nan, a matse tsakanin ƙarfe biyu, ya sha baƙin mai da ƙura. Da na zaro shi kujerar ta zame baya gaba ɗaya. Na bar shi yana zagi.

A shago na samu Kawu. Ya karɓa ya ɗora a kan akwatin gilashin, ya ɗauko wuƙarsa ya farke shi daga baki zuwa diddige. Bakin wuƙar ya ja dogon layi a gilashin, bai ko kalla ba. Allin ya daɗe da gogewa, amma doguwar sawa ta bar abin da ya fi alli, ƙafar Direba ta kwanta a cikin soson kamar an taka laka. Ya daɗe yana shafawa. Ya ce gaban ba shi da amfani yanzu, ƙafar da ta yi shi ba ita ce za ta fito daga asibiti ba. Amma diddige da tsakiya suna nan, kuma su ne suka ci gwaji uku. Ba daga farko za a fara ba. Idan aka yi sa'a biyu za su isa, kuma duk gwajin da aka rage miki ɗaya aka rage.

Ya kamo yatsana ya sa a wani ɗan kwari kusa da diddigen ya ce in ji, in zana. Na ɗauko kwali.

Na sauran mutane kuwa babu kujerar bas da ta ɓoye su. A satin nan kaɗai mutum biyu sun zo, wani tela mai gajeriyar ƙafa da wata mata da ta kawo tsohuwarta, kowanne yana cewa a yi masa irin na da. Duk biyun Kawu ya miƙe ya ɗaga hannu kafin ya tuna. Takalmin Umma ma diddigensa ya fara cinyewa.

Yaya Injiniya ya aiko da saƙo ta wajen Umma cewa ya ji ana maganar ƙusa, don Allah a yi haƙuri, wannan silin ba ya ɗaukar ƙusa, zai sa a kawo kanta mai kyau. Umma ta isar da saƙon ba ta ƙara ba ta rage ba. Kawu ya soke gwaji na biyar da igiya tare da kwalin da na zana, ya jawo benci ya hau, na riƙe masa. Bugu na farko silin ya tsage, farar ƙura ta zubo masa a kafaɗa. Ya matsa ya sake bugawa, ya sake tsagewa. A na uku ƙusar ta samu katako. Ya rataye igiyar, ya ja ta sau biyu ya ji ta kama, ya sauko.

Ya tambaye ni ƙarfe nawa, na ce huɗu ta wuce. Ya zauna, ya cire tabarau, ya ɗaga kai sama ya ɗiga maganin idonsa, dama sannan hagu.